ZAUREN IYALI: Injiniya ya ajiye aiki, saura gida da gari

Ya 'yan'uwa masu karatu, iyaye maza da iyaye mata, maganarmu ta wannan fitowa a kan wasu dattawa ce da muke gani kullum a sahun farko na masallatan Paraku da Jugu, har da ƙauyukan Bariyenu, mu gaishe su da ladabi mu wuce, alhali ba mu san abin da hannayensu suka riƙe ba. Ina nufin injiniyoyi da manyan ma'aikatan fasaha waɗanda suka yi shekara talatin ko fiye a aikin jirgin ƙasa, da ruwan famfo, da wutar lantarki, da hanyoyin mota, yau kuma sun yi ritaya sun dawo gida. Tambayar da nake so mu duba tare ita ce: idan irin wannan mutum ya waiwayi rayuwarsa, me yake gani? Me gidansa ya samu, me ya rasa? Kuma ina ilmin da ke kansa zai tafi ranar da Allah Ya karɓi abinsa?

Abin da suka gada

Kakanninmu sun san Jugu a matsayin zango a kan hanyar fatake da ke tasowa daga Kano da Katsina zuwa Gwanja, inda ake sayen goro. Ayari yana tafiya ne daga gabas zuwa yamma, da jakuna da 'yan dako. Abin da ya juya akalar kasuwancin ƙasar nan daga waccan hanya zuwa hanyar kudu da arewa shi ne layin dogo. Turawan Faransa sun fara shimfiɗa shi daga Kwatano a 1900, da gumin talakawa da aikin tilas, bai iso Paraku ba sai a 1936. Tsawonsa kilomita 438 ne, faɗinsa mita ɗaya. A Paraku ya tsaya, bai ƙarasa Malanbil ba, saboda haka a wancan zamani duk kayan da za su Nijar a nan ake sauke su daga tarago a ɗora a manyan motoci, su bi ta Gaya da Doso zuwa Yamai ko Maraɗi, gyaɗar Nijar kuma ta gangaro ta wannan hanya zuwa teku. A 1959 ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta jirgin ƙasa, wadda aka sani da OCDN, ta koma OCBN bayan da Dahome ta zama Benin a 1975. Gidajen Hausawa da yawa a Paraku daga bakin wannan tasha suka ci abinci: direbobi, da dillalai, da 'yan dako, da mata masu sayar da tuwo.

Bayan samun mulkin kai a 1960, Turawan da ke riƙe da injuna suka yi ta komawa gida, aikin ya faɗo a hannun 'yan ƙasa. Wasu sun yi karatu a makarantar fasaha ta Kwatano, wasu a kwalejin fasaha ta jami'a da aka buɗe a Abome-Kalabi a 1977, wasu a makarantar injiniyoyin raya karkara ta Wagadugu wadda ƙasashen yankin suka kafa tare a 1968, wasu kuma gwamnatin Janar Kereku ta tura su Tarayyar Sobiyet. 'Ya'yan gidajenmu ba su da yawa a cikinsu, domin kuwa iyaye a wancan zamani suna tsoron kada makarantar boko ta raba yaro da allonsa. 'Yan kaɗan da suka shiga sun ɗauki kaya biyu: allo da asuba da bayan magariba, boko da rana. Wannan kaɗai ya isa mu girmama su.

Su ne suka kwana a gindin injunan dizal da ke ba Paraku da Jugu wuta tun kafin babban layin lantarki da ya biyo ta Kara ya iso. Su ne suka kula da madatsar Okpara da Paraku ke sha daga gare ta. Wasunsu sun yi aiki a hukumar lantarki ta haɗin gwiwar Benin da Togo da aka kafa a 1968, sun ga buɗe madatsar Nangbeto a kan kogin Mono a 1987. Wasu sun fara aiki lokacin da ruwa da wuta suke ƙarƙashin kamfani ɗaya, SBEE, suka gama bayan an ware ruwa an ba SONEB a 2003. Sun kuma ga shekaru masu ɗaci. A 1989 ma'aikata sun yi watanni ba albashi, har abin ya kai ga babban taron ƙasa na Fabrairun 1990. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa da ake saye sefa 50 ya koma 100, sai duk wani kayan gyara da ake shigowa da shi daga waje ya ninka kuɗi dare ɗaya. A waɗannan shekaru ne suka ƙware wajen haɗa matattun injuna biyu su fitar da rayayye guda.

Abin da suke gani in sun waiwaya

Mai sauraro zai yi zaton tsohon injiniya zai yi ta alfahari ne da ranar buɗe gada ko ranar da minista ya zo yanke ƙyalle. Amma idan ka zauna da su, kusan dukkansu bakinsu ɗaya: gina abu shi ne sashe mai sauƙi, riƙe shi kuwa shi ne aikin. Ranar buki ɗaya ce, ranakun kulawa dubbai ne, kuma ba mai kiɗa ba mai tafi.

Ɗauki misalin layin dogo. Akwai ma'aikatan da aikinsu kawai shi ne su taka layi da ƙafa, suna duba notin da ya kwance su ɗaure, suna cusa tsakuwa a ƙarƙashin maƙarin da ya nutse, suna share magudanar ruwa kafin damina ta faɗi. Idan aka bar wannan aiki shekara ɗaya, ba wanda zai ga bambanci, jirgi zai wuce lafiya. Shekara ta biyu ma haka. Sai mai riƙe da kuɗi ya ce ashe ana iya tsimi a nan. A shekara ta biyar ko ta shida sai direba ya rage gudu, tafiyar da ake yi a yini ta koma yini da dare, fasinja ya koma mota, kuɗin shiga ya ragu, kuɗin gyara kuma ya ƙaru. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsufan kawunan jirgi, da ƙarancin kuɗin gyara, da gasar manyan motoci a kan kwalta, su suka taru har jirgin fasinja ya daina zuwa Paraku tun kafin 2010. Sabon layin da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso, kimanin kilomita 140, an yi bikin buɗe shi a 2016, amma bai zama hanyar zirga-zirgar jama'a ba. Dattawan da suka ba jirgi ƙuruciyarsu suna kallon wannan da ciwon zuciya, kuma darasin da suke fitarwa guda ne: duk abin da aka daina kula da shi ya fara mutuwa, ko da ido bai gani ba tukuna.

Gida ma haka yake

To, a nan ne maganar ta shigo zaurenmu. Yawancin waɗannan bayin Allah, idan hira ta yi nisa aka bar zancen injuna, sai murya ta sauka, su ce littafin kula da inji ba su taɓa barin shafi ɗaya ba a cike ba, amma gida sun bar wa Allah da uwargida. Aikin gwamnati aikin canjin wuri ne: bana Kandi, baɗi Bohikon, bayan shekara uku Natitingu. Wuta ta ɗauke da tsakar dare a zo a buga ƙofa. Bututu ya fashe ranar Sallah a aiko mota. Yaro ya yi haƙori, ya fara tafiya, ya sauke izu goma, ya ci jarrabawar firamare, uban yana can. Hausawa suna cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Lalle ne mu faɗi gaskiya a kan iyayenmu mata. Matar da ta riƙe gida a watannin da ba albashi, ta soya ƙosai ko ta sayar da man kaɗe ta biya kuɗin makaranta, ta kai yaro asibiti a goye da dare, ta karɓi baƙin miji ta sallame su da mutunci, ita ma injiniya ce ta wannan gida, ko da ba ta da takardar shaida. Ita ta san inda rufi ke yoyo, ita ta san ɗan da ake lallashi da wanda ake tsawatarwa.

Matsala takan taso ne ranar da maigida ya dawo zama. Mutumin da ya saba ba da umarni ga ma'aikata hamsin sai ya wayi gari ba shi da kowa sai Hajiya da yara da jikoki. Sai ya fara bin diddigin gawayi, da sabulu, da awon shinkafa, yana tambayar dalilin da ya sa aka ajiye randa a nan ba can ba. Gidan da ya yi shekara talatin yana tafiya da tsarinsa sai ya ji kamar an kawo masa sabon shugaba daga Kwatano. Daga nan ƙananan maganganu ke farawa, har 'ya'ya su riƙa gudun zaure.

Maganin wannan yana cikin ilmin da su da kansu suka fi mu sani. Ƙarfe yana miƙewa idan ya ji zafi: ƙarfen dogo mai tsawon mita 100 yana ƙaruwa da kimanin milimita 12 idan zafi ya hau da digiri 10. Shi ya sa masu shimfiɗa layi irin na da suke barin 'yar tazara tsakanin ƙarfe da ƙarfe, don idan rana ta take kowanne ya samu wurin miƙewa. Idan aka matse su ba tazara, layin ne zai karkace. Zaman iyali ma yana son irin wannan tazara. A bar wa uwargida madafinta da lissafinta, a bar wa ɗa baligi shawararsa a kan sana'arsa, maigida ya zama wurin da ake zuwa neman shawara da albarka.

Abin da hannu ke yi bayan ritaya

Dokar fansho ta da takan sallami ma'aikacin gwamnati idan ya cika shekara 30 yana aiki ko 55 da haihuwa, kafin gyaran doka ya ɗaga shekarun ga manyan ma'aikata. Ke nan da yawa sun dawo gida da sauran ƙarfinsu, kuma mai yiwuwa Allah Ya ba su wasu shekaru ashirin ko fiye. Waɗannan shekaru amana ce. Wanda ya mayar da su zaman benci da jiran ƙarshen wata, sau da yawa jiki da zuciya kan yi saurin sanyi. Hannun da ya saba aiki ba ya son zama.

Akwai wani dattijo a Bariyenu, tsohon ma'aikacin ruwa, wanda gonarsa ta yazawa ta zama abin zuwa kallo. Bai dasa ko ɗaya da ka ba. Ya ja igiya ya auna mita 10 tsakanin kowace bishiya da 'yar'uwarta, wato bishiya 100 a hekta guda, lokacin da maƙwabta ke cusa dashe kusa da kusa suna ganin yawa shi ne riba. Shekarun farko ya shuka gyaɗa da waken suya a tsakanin layuka, ƙasa ba ta zauna banza ba. Da bishiyoyi suka girma, nasa suka samu rana da iska ta kowane gefe, na maƙwabta kuwa rassa suka sarƙe, 'ya'ya suka ragu. Kowace shekara kafin hunturu yakan share faffaɗar hanya kewaye da gonar saboda wutar daji. A gefe ya jera amya, ƙudan zuma na taimakon fure, shi kuma yana samun zuma. Yana da littafi da yake rubuta ranar fure, da ranar tsinta, da nauyin abin da kowane layi ya bayar. Wani saurayi ya taɓa tambayarsa: "Baba, gonar ma sai an yi mata rajista?" Ya ce: "Ɗana, abin da ba ka auna ba, ba ka san ranar da ya fara lalacewa ba."

Wani kuma abin da ya ɗauka shi ne ruwan sama. Lissafin mai sauƙi ne: milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya na rufi lita ɗaya ce. Ƙasar Jugu tana samun fiye da milimita 1,000 a shekara. Ke nan rufin kwano mai murabba'in mita 100 yana zubar da fiye da lita 100,000 kowace damina, ruwan da ke bin lungu yana cin gindin katanga, alhali a watan Maris mata na layi a bakin famfo. Indararo mai kyau, da tankin siminti mai murfi, da dabarar zubar da ruwan farko mai ɗauke da ƙurar rufi, sun isa su rage wa gida wahalar wanki da ban ruwan lambu na watanni.

Wasu sun koma gyaran rediyo da fanka a zaure, yara na kewaye da su. Wasu sun ɗauki kiwon tattabaru ko zabi. Wasu sun koma gaban malam da allo ko littafi, suna cike giɓin karatun da aiki ya katse, kuma babu abin da ya kai ganin mai furfura durƙushe yana biya karatu daɗi a ido. Dara a gindin mangwaro da sauraron labaran duniya ba laifi ba ne, hutu haƙƙin jiki ne. Abin dubawa shi ne, abin shaƙatawar da ya fi albarka shi ne wanda ke motsa jiki, ya sa ƙwaƙwalwa aiki, ya kuma jawo wani yaro kusa.

Ilmin da ke shirin tafiya kabari

Wannan shi ne abin da ya fi damuna. A unguwanninmu famfon burtsatse yakan mutu saboda robar da ba ta kai kuɗin buhun masara ba, a yi wata shida ana jiran wani ya zo daga birni. Masallaci ya tara kuɗi ya sayi faifan hasken rana da batir, bayan shekara ɗaya batir ya mutu, saboda ba wanda ya gaya wa ladan cewa irin batir ɗin nan mai ruwa ba a shanye shi ƙasa da rabi, kuma ƙurar hunturu tana rage ƙarfin faifai in ba a goge ba. Ana haɗa wayar wuta a gidan haya da siririyar waya a ɗora mata firji da dutsen guga, sai gobara. Duk wannan yana faruwa alhali a sahun farko akwai mutumin da ya yi shekara talatin yana wannan aiki, ba wanda ya tambaye shi, shi kuma kunya da kawaici sun hana shi sa baki. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an buɗe tulun.

A ɗaya gefen kuma ga samarinmu, da yawa sun gama sakandare ko sun bar ta, ba abin yi sai haya da babur. Ga jami'a a Paraku tun 2001, ga makarantun fasaha, ga takardar shaidar sana'a ta CQM da mai koyon aiki zai iya samu, amma yaro ba ya sha'awar abin da bai taɓa gani a hannun wani nasa ba.

Shawarwari

Na farko, ga iyayenmu da suka yi ritaya: ku ɗauki yaro biyu ko uku, naku ko na maƙwabta, maza da mata, ku koya musu karanta ma'auni, da zanen gini, da lissafin waya, da tsarin rubuta abin da aka gyara. Ku rubuta tarihin aikinku ko da a littafin 'yan makaranta ne, da Hausa ko Faransanci ko ajami: inda bututu ya bi, inda ruwa ke cin hanya kowace damina, kuskuren da kuka ga an yi. Ilmi mai amfani yana cikin abin da ke bin mutum bayan ransa.

Na biyu, ga waɗanda ke bakin aiki yanzu: tun ran gini ran zane. Ku tattara takardunku tun da sauran shekaru, takardar ɗaukar aiki, da ta ƙarin girma, da ta aure, da ta haihuwar yara, ku tabbatar ana zuba muku kuɗi a asusun da ya dace, FNRB ga ma'aikacin gwamnati, CNSS ga na kamfani. Ku dasa bishiya tun yau, domin yazawa da mangwaro ba sa haihuwa a shekarar da aka dasa su. Kada ku zuba abin da kuka tara a kasuwancin da ba ku sani ba saboda zaƙin bakin wani. Fiye da duka, ku ba gida lokacinsa tun ana bukatarku, kada ku jira sai kun zama baƙi a cikinsa.

Na uku, ga iyayenmu mata da 'ya'ya: ku yi haƙuri da mutumin da ya rasa ofis da ma'aikata da gaisuwar safe rana ɗaya. Ku ba shi abin da zai riƙe a gida wanda ya dace da shi, ku riƙa tambayarsa labarin aikinsa a gaban jikoki, ku kula da awon hawan jini da na sukari, ku ƙarfafa masa tafiya da ƙafa.

Na huɗu, ga kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin unguwa: kafin a sayi faifan rana, ko a haƙa rijiya, ko a ɗora bene a kan tsohon gini, a kira waɗannan dattawa a zauna da su. A ware wani abu daga kuɗin kowane aiki don gyara, a naɗa wanda zai riƙe littafinsa. Shawararsu kyauta ce, rashinta kuwa tsada gare shi.

Allah Ya saka wa iyayenmu da alheri bisa ruwan da muka sha da hasken da muka yi karatu da shi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba masu rai lafiya da kyakkyawan ƙarshe, Ya sa albarka a gidajenmu. Mai gyara ko ƙarin bayani, musamman daga cikin dattawan da muka yi magana a kansu, ƙofar wannan zaure a buɗe take. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.